Jakin Ƙarfen Babana

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya turo babur ɗinsa daga zaure tun rana ba ta yi zafi ba, ya ce in hau. Na ɗauka Zakirai za mu je gaisuwa, har na koma da gudu na ɗauko hulata ta Sallah. Sai ga mu a ƙofar maƙerar Ɗanjuma, bayan masallacin ƙauyenmu, inda ake kai gyaran fartanya da lauje. Baba ya kafe babur a gindin darbejiya, ya kwance mangalar jakinmu da ya ɗauro a baya, wato tagwayen jakunkunan kaba ɗin nan da ake ɗora wa jaki a zuba taki, ya shimfiɗa ta a ƙasa. Ya ce ƙarfe yake so a ƙera masa wanda zai riƙe ta a bayan babur, cike fal, ba tare da ta gogi taya ba. Ɗanjuma ya dubi babur, ya dubi mangala, ya ajiye masabarsa a hankali. “Malam, wannan jan babur ɗin? Taki?” Baba ya ce, “Taki.” Ni aka sa jan zuga-zugi, ina ja ina haɗiye kuka. Ɗanjuma ya lanƙwasa tsohon rodi da guntun sifirin ɗin mota, ya huda, ya ɗaure da noti. Garin gwadawa wani ƙarfe mai zafi ya taɓa murfin tayar baya, fenti ya ƙone ya bar tabo kamar faɗin babban yatsa. Kafin azahar, babur ɗin da ya fi kowane kyau a yankinmu ya tashi da wata ƙatuwar kariyar ɗaukar kaya baƙa ƙirin, karkatacciya, mai hannu biyu a kowane gefe.

Wannan kariyar ce ta sa nake rubutun nan. Mu ’yan ƙungiyar masu farfaɗo da tsofaffin babura, da muke haɗuwa a wani gareji a Bacirawa duk ƙarshen wata, muna da shafi a intanet inda kowane mamba yake sa hoton babur ɗinsa da ɗan tarihinsa. Kowa ya sa nasa, na karanta, na yaba. Da na aika nawa, sai Sakatarenmu ya kira ni a waya. Yaro ne mai ladabi, ɗan boko, ya fi ni sanin lambar kowane noti. Ya gaishe ni har da tambayar jikoki, sannan ya ce, “Baba Lawan, aikin ya yi kyau wallahi, amma kariyar nan ba orijina ba ce. Ko dai a kwance ta kafin ranar baje koli, ko a ɗauki hoton ta gaba yadda ba za ta fito ba.” Na ce to, na ji. Ban yi masa faɗa ba, don ba shi ya yi dokar ba, ni ma na ɗaga hannu ranar da muka amince da ita. Amma kariya ba za ta sauka ba, hoto kuma ta baya za a ɗauke shi. Tunda shafin namu ne, kuma ba a yanka wa tarihi iyaka ba, to ga nawa, a karanta a san dalili.

Babana, Malam Habu, malamin Arabiyya ne a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Zakirai da Minjibir. Shekara da shekaru yana turke bijimi yana sayarwa kafin ya iya sayen babur ɗin, kuma ranar da ya shigo da shi gari har matan aure sai da suka leƙo ta saman danga. Ja ne, tankinsa da ratsin fari, madubi biyu, ƙararsa a natse take fita, ba irin na yaran yanzu masu tsage kunne ba. A zaure yake kwana, lulluɓe da tsohon bargo. Ni ne ɗan fari, don haka ni ke da wankinsa duk ranar Juma’a, da rabin bokitin ruwan rijiya da wani shuɗin tsumma da Inna ta yago mini daga tsohon zanenta na saƙi. Ba mai taɓa tsumman nan sai ni, a aljihun wandona yake zama. Kai, na yi mulki a wancan lokacin! Yaran unguwa sai sun ba ni goruba ko aya kafin in bar su su leƙa fuskarsu a madubi. Idan muna ƙera motocin kara a bakin rijiya, ni babur nake yi, da tayoyin murfin gwangwani, ina tura shi ina yi masa ƙara da baki, sauran suna bi na a baya. Ko a wasan langa aka kayar da ni, ba a cika yi mini dariya ba, ai ɗan mai babur ne.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba, da wuya ya gane matsayin taki a wurinmu. Mu ba mu da daji. Daga bayan dangar gidanku gona ce, daga iyakar gonarku ta wani ce, layin ciyawar gamba ɗaya ne tsakani, kuma tun kakannin kakanni ake noma ƙasar nan duk shekara, ba ta taɓa hutawa ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne abin da aka zuba mata da rani. Shi ya sa a gidanmu ba a zubar da komai. Kashin awaki da na tumaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, ragowar harawa, duk wuri ɗaya ake tarawa a bayan turke. Aikina ne kullum da safe, da mun tashi daga karatun allo, in share turke da akurki in kai juji, sannan in kurɓi koko in ruga makaranta kafin a buga ƙarfe. Idan rani ya yi nisa sai a fara kwasa. Za ka ga jakuna a jere a kan burtali, hanyar dabbobin nan da ta ratsa tsakanin gonaki, kowane da mangalarsa, ana sauke taki tsibi-tsibi, duk mai wucewa yana auna na maƙwabcinsa da ido. Gonar da aka bari shekara biyu ba taki, ƙuduji ne zai mamaye ta da furensa mai kyan banza, gero ya tsaya iya gwiwa ya yi rawaya. Baba yakan ce mini, “Gona ba ta jin Larabci, Lawan. Taki take ji.”

A shekarar nan abu biyu suka haɗu mana. Maciji ya sari jakinmu a cikin tarin kara, kafin magariba ya mutu. Na biyu kuma, gonar da muke nomawa, wadda ake kira gonar tsamiya, ba tamu ba ce ta ƙashin kai. Ta gandun Kaka ce da ba a raba ba, kuma tun rasuwarsa wan Baba, Baffa Sule, shi ke faɗin wanda zai noma ina. Ranin da ya wuce an tura Baba kwas a birni, gonar ba ta sami taki sosai ba, ƙuduji har ya fara leƙowa ta gefen arewa. Baffa ya zo zaurenmu bayan la’asar, ina tsugune ina goge taya, ya yi maganarsa a gabana. Ya ce ɗansa Garba ya yi aure, ba shi da inda zai sa fartanya, kuma shi ba zai zuba ido ƙasar ubansu ta mutu a hannun mai albashi ba. Duk inda ruwan shuka ya sauka ya tarar ba taki a gonar tsamiya, Garba zai bai wa. Yau da na girma na san Baffa ba mugu ba ne, bakin ci ne ya yi masa yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Amma a ranar ji na yi kamar in watsa masa ruwan bokitin. Baba bai yi musu ba, ya ce, “Na ji, Yaya.”

Aron jaki a irin wannan lokacin kuwa, ina! Kowa nasa yana kan hanya tun asuba har faɗuwar rana. Jujin gidanmu ba zai rufe ko rabin gonar ba. Amma akwai wani abokin Baba a cikin Zakirai, mai kiwon raguna, da taki ya taru masa a bayan gida har ya kusa kai tsawon katanga, ya ce in Baba zai iya kwashewa ya kwashe, shi ma ya huta da ƙuda. Sai dai daga gidansa zuwa gonarmu hanya ɗaya ce, kuma ta tsakiyar gari ta bi, ta gaban masu shayi da bakin kasuwa. Abin da ya kai mu maƙerar Ɗanjuma ke nan. Tun daga ranar, da an tashi daga makaranta Baba zai cire babbar riga ya rataye, ya sa wata tsohuwar taguwa, ya ɗaura shebur a gefe, ya hau. Sawu bakwai yake yi, wani lokacin takwas, kafin magariba, alhali jaki ba ya wuce uku. Babur yana nishi a cikin yashi, Baba yana taimaka masa da ƙafa, taki yana zubowa a kan salansa yana hayaƙi, warin kuwa har zaure yake raka shi.

Gari ya sami abin tauna. Cikin kwana biyu kowa ya ji cewa Malam Habu ya sayi jakin ƙarfe. In ya zo wucewa ta gaban masu shayi sai ka ji an ce, “Malam, a tsaya a ba shi dusa mana!” Baba ya ɗaga hannu ya ce, “Ya ƙoshi!” ya wuce abinsa. Wasu dattawa sun tare shi a ƙofar masallaci suka ce wannan zubar da girma ne, mai koyar da ’ya’yan mutane addini bai kamata a gan shi yana yawo da kashin dabba ba. Ya ce musu yana wanka kafin ya taɓa littafi, ya sa takalmansa ya tafi. Shi ko a jikinsa. Ni ne abin ya ci. Wani Iliya da muke benci ɗaya, wanda a da ya fi kowa kawo mini goruba, shi ya fara yin kukan jaki duk lokacin da na shigo aji, kafin mako ya ƙare duk ’yan aji huɗu sun iya. Ranar sharar fili monita ya miƙo mini kwando ya ce ni zan kwashe kashin awakin da ke bayan aji, tunda sana’ar gidanmu ce. A ƙwallon tsumma ba mai zaɓata. Na yi dambe sau biyu, aka fasa mini leɓe, hedimasta ya ƙara mini da bulala. Na tattake babur ɗina na kara na jefa a murhu. Na ji haushin Baba irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba wanda zan iya faɗa wa.

Sai na yi dabara irin ta ɗan shekara goma. A tunanina in babur ya ƙi tashi, dole Baba ya haƙura ya nemi jaki kamar kowa, a kwance baƙin ƙarfen nan, komai ya koma yadda yake. Ran wata Talata bayan azahar Baba ya ɗan kishingiɗa a ɗaki kafin ya fita, Inna tana daka a tsakar gida, ƙarar taɓarya ta rufe komai. Na shiga zaure, na zaro shuɗin tsummana, na dunƙule shi, na cusa a bakin salansa, na tura da kara har ya ɓace. Wallahi ko sau ɗaya gonar tsamiya ba ta faɗo mini a rai ba. Fuskar Iliya kawai nake gani.

Baba ya fito ya yi bisimilla ya buga. Babur ya yi tari ya mutu. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa taguwarsa, ya kwance fulogi ya goge, ya leƙa tanki, ya sa yara suka tura shi a kan burtali, har da ni a cikin masu turawa, ina turawa ina addu’ar kada ya tashi. Yinin ya tafi a haka. Washegari ya tura shi da ƙafa cikin rana har Zakirai, ya tarar bakaniken garin, shi kaɗai ne a lokacin, ya tafi birni sayen kaya, sai Juma’a zai dawo. Da yammacin nan hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, iska ta taso, sannan ya watse. Tsofaffi suka ce ruwa ba zai wuce mako guda ba.

Ranar Alhamis da la’asar sakaliya muna filin makaranta, yara suna ƙwallo, ni ina zaune a gefe tunda ba a zaɓe ni ba. Sai muka hango wani mutum tafe daga hanyar Zakirai da ƙaton kwando a ka, yana tafiya a hankali. Iliya ya buɗe baki zai fara abin nasa, sai ya rufe. Baba ne. Taki yana zubowa ta ramukan kwandon a kan kafaɗarsa da gemunsa, gumi ya kwaɓa shi ya zama taɓo a wuyansa, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Da ya zo daidai mu ya ce, “Sannunku da wasa,” kamar yadda yake cewa kullum, ya wuce. Yaran suka bi shi da kallo. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san da hannuna na ɗora masa kwandon nan. Sawu biyu kawai ya iya yi a ranar. Na zagaya bayan aji na yi kuka har na gaji, amma kada wani ya ɗauka na je na faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Tsoro ya hana ni, na ci tuwona na yi shiru.

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci na jiyo ƙarar babur daga nesa. Daga baya na ji cewa bakanike ya kwance kafireto bai ga komai ba, sai da ya kara tafin hannunsa a bakin salansa ya ji ba iska, ya sa waya ya ƙwaƙulo. Baba ya kafe babur a zaure ya kira ni. Ya sa hannu a aljihu ya zaro tsumman, ya yi baƙi da hayaƙi amma shuɗin saƙin Inna yana nan, ya miƙo mini ya ce, “Bakanike ya tsinci kayanka.” Na tsaya ina jiran bulala, don yana da ita, kuma ya iya amfani da ita. Sai ya zauna a kan dakali ya dube ni. “Ni kake jin kunya, ko takin?” Ya ce, “In ni ne, ba yadda zan yi maka, ni Allah ya ba ka. In takin ne, to shi ka ci ka yi wannan tsawon.” Ya miƙe zai shiga gida, sai ya juyo ya ce in wanke tsumman in goge babur, yau Juma’a. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan a kan maganar, har ya bar duniya.

Washegari ban jira an kira ni ba. Yana turo babur na ɗare kan tanki, tunda baya ta mangala ce. Ya dube ni, ya buga muka tafi. Aka yi dace ranar kasuwa ce, gari a cike. Muna fitowa da sawun farko masu shayi suka ce, “Malam, yau har da ɗan jaki?” Ban san lokacin da na danna ham ba, na buɗe baki na kwarara kukan jaki iya ƙarfina, har wani tsoho ya zubar da shayinsa. Ga Iliya a bakin kasuwa yana tallan rake, na juya na yi masa nasa na musamman. Na ji ƙirjin Baba yana girgiza a bayana, dariya yake yi har babur yana tangaɗi. Ranar Litinin Iliya ya gwada a aji, na amsa masa da wanda ya fi nasa, na ce in yana son koyo ya zo gida. Daga nan abin ya mutu murus. Muka raba aiki, ni ina tsayawa a bakin jujin ina cika buhuna da shebur, Baba yana zuwa yana juyewa a mangala yana tafiya. Sawu ya koma goma, har sha ɗaya. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ban nuna wa Inna ba.

Ruwa ya sauka ranar Laraba kafin la’asar, muna kan burtali da kaya. Ƙasa ta tashi da ƙamshi, yara suka fito da gudu suna tsalle, mata suna tara ƙwarya a bakin indararo. Baba ya kashe babur a bakin gonar tsamiya, muka tsaya a cikin ruwan muna kallo. Tsibin taki ya rufe gonar tun daga kudu har gindin tsamiya. Daga tsamiya zuwa layin gamba na arewa kuwa fayau, ba ko ɗaya. Na duba, na san aikin kwana uku ne daidai. Da safe kowa ya fito da sunguminsa, Baffa Sule ya zo da Garba, ya zagaya gonar a hankali, ya tsaya a gindin tsamiya. Ya ce, “Habu, ka yi abin da ban zata ba. Amma abin da na faɗa na faɗa.” Ya ja layi da sandarsa daga gabas zuwa yamma. Sannan ya tambayi Baba me ya tsayar da shi, tunda saura kaɗan. Ina tsaye a wurin da ƙwaryar iri a hannu. Baba ya ce, “Babur ne ya ƙi tashi kwana uku.” Bai ko kalli inda nake ba. A ranar Garba ya dasa gamba a kan layin, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi.

Ɓangaren nan bai dawo mana ba kuma. Da aka zo rabon gandu bayan shekaru, kowa aka bar masa inda yake nomawa. Rumbunmu bai ƙara cika irin na da ba, kuma a shekarun da gero ya ƙare kafin sabo ya nuna, in na ga Inna tana rage awo, na san aikin wane ne. Ita ba ta sani ba. Har ta rasu tana cewa babur ɗin nan ya ci amanarmu a lokacin da muka fi bukatarsa, Baba yana jin ta yana shiru. Ƙannena ma ba su sani ba, a shafin nan za su fara karantawa, su da ’ya’yan Garba, kuma na shirya wa duk abin da za su ce. Ɓangaren da ya rage mana kuwa ya yi geron da masu wucewa suke tsayawa kallo. Bayan damina biyu, ɗaya daga cikin masu shayin nan ya sayi babur, kuma maƙerar Ɗanjuma ya fara kai shi. Garba ma da ya samu nasa, irin kariyar Baba ya ce a yi masa. Ba wanda ya zo ya ba Baba haƙuri, shi ma bai zauna jira ba.

Baba ya hau babur ɗin nan har idonsa ya raunana, sannan aka jingine shi a ƙarƙashin rumfa kusan shekara ashirin, kaji suna ƙwai a cikin mangalar. Bayan rasuwarsa ƙannena suka bar mini shi, a ganinsu tarkace ne. Shekara uku na yi ina tada shi. Na bi kasuwannin kayan gyara na birni lungu-lungu, ’yan ƙungiya sun taimaka mini ƙwarai, gilashin fitilar ma Sakatare ne ya samo mini, ban manta ba. Duk abin da kamfani ya sa masa na mayar masa da irinsa. Kariyar Ɗanjuma kuwa tsatsa kawai na kankare na shafa mata mai, ko miƙe ta ban yi ba. Mai fenti na tsaya a kansa sai da ya zagaye tabon ƙunar nan. Shuɗin tsumman yana cikin akwatin sufana a ƙarƙashin kujera. Don haka, Sakatare, ɗana, ka ji da kyau. Ban raina dokarmu ba, ba kuma zan fita daga ƙungiya ba, ku ne abokan hirata. In doka ta hana babur ɗina shiga filin baje koli, ba komai, a bakin ƙofa zan kafe shi, bayansa yana kallon titi, da sabuwar mangala da na sa aka saƙa mini a ƙauye. Amma kada a ƙara ce mini in ɗauki hoton ta gaba. Na taɓa ƙoƙarin kawar da kariyar nan daga idon mutane sau ɗaya, ina ɗan shekara goma, kuma kun ji abin da ya ci mana. Ba zan sake ba da furfura a kaina.

Bazarar da ta wuce na hau shi na je gida. Burtali ya tsuke, jakuna sun yi ƙaranci, babura ne ke ta kai da komo da taki da buhuna da awaki a ɗaure, ba mai ko ɗaga kai ya kalle su. Inda maƙerar Ɗanjuma take yanzu shagon cajin waya ne. Tsamiya tana nan, layin gambar da Garba ya dasa ma yana nan, a bayansa ɗansa ya yi ginin bulo. Na kashe babur a daidai inda Baba ya kashe shi ranar ruwan nan, na zauna. Wasu yara suka wuce da ƙwallon roba, suka gaishe ni da ladabi suka tafi. Ni kuwa so nake ko ɗaya daga cikinsu ya yi mini kukan jaki, in amsa masa, ko na ƙara jin ƙirjin nan yana girgiza a bayana. Ba wanda ya yi. Juma’a ce ranar. Na zaro shuɗin tsumman, kuma da kariyar na fara.